Tasha, Shinge da Caji Ofis: Yadda Abuja Ta Tura Matsalarta Bayan Gari

Duk wanda ya saurari koke-koken mazauna Kubwa, Nyanya, Lugbe, Dutsen Alhaji ko Kuje zai tarar abu uku ne ke yawo a bakinsu: ɓarayi da masu garkuwa da mutane sun hana su sakat, 'yan sanda ba sa isowa sai an gama ɓarna, tituna kuma sun cushe da motocin da aka ajiye ko ake yi wa lodi a inda ba a tanada ba. Hukumar Babban Birnin Tarayya ta saba raba waɗannan koke-koke gida uku, kowanne da ofishinsa da kwamitinsa da motar sintirinsa. A ganina rabon nan shi ne kuskuren. Cuta ɗaya ce, kuma tana da tarihin da za a iya bi shekara da shekara. An gina Abuja ta yadda gwamnati za ta zauna a tsakiya, masu yi mata aiki su kwana a waje. Daga nan, duk lokacin da wani abu ya dami tsakiyar, sai a tura shi bayan gari ba tare da an haɗa shi da hukumar da za ta kula da shi ba. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne wurin da mota ke tsayawa ta ɗauki mutum, domin a nan ɓarawo da ɗan sanda da mai neman wurin fakin suke haɗuwa.

Yankin nan ya san matsalar hanya tun kafin zuwan gwamnatin tarayya. Bayan jihadi ya fitar da Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ya sauka a Zuba cikin ƙabilar Koro, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Ƙasar tana kan hanyar fatake masu ratsawa daga ƙasar Hausa zuwa kogin Kwara da Binuwai, ga duwatsu da kurmi masu ɓoye mutum, kuma ko da Turawa suka kai wa garin yaƙi a 1902, hujjar da suka kafa ita ce ana tare ayari a wannan hanya ana kwashe kaya. Abin lura shi ne yadda garuruwan Hausa na wancan zamani suka tsara shigowar baƙo. Ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Zango yake sauka, zango kuma yana da sarki. Madugu ne ke amsa tambaya a kan mutanensa, fatoma ko mai masauki ya ɗauki nauyin baƙon da ya sauke da dabbobinsa da kayansa, mai unguwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa, sarkin ƙofa ya san abin da ya shiga da wanda ya fita. Idan kaya ya ɓata, akwai wanda za a kira da sunansa ya yi bayani. Wurin ɗaure jaki, da makwancin baƙo, da sha'anin tsaro, duk a hannu ɗaya suke.

Turawa ba su rushe wannan tsari ba, hawa kansa suka yi. Dogarai suka ci gaba da aiki, daga baya En'e ta kafa 'yan doka, waɗanda 'yan gari ne, suna jin harshen gari, sun san gidan kowa. Ba na cikin masu kewar zamanin 'yan doka. Magoya bayan NEPU sun sha bulala da ɗauri a hannunsu a shekarun 1950 da farkon 1960, kuma irin wannan amfani da su a siyasa na cikin abin da ya sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙara ɗaure maganar a sashe na 214, inda ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya. Sai dai garin zubar da zaluncin an haɗa har da sanin gida. Kano da Katsina da Zariya ba su ji wannan rashi nan take ba, domin masu unguwanni da dagatai suna nan, mutane kuma sun san juna kaka da kakanni. Garin da za a ƙirƙira daga baya, a tara masa jama'a daga kowace kusurwa cikin 'yan shekaru, shi ne zai ji a jikinsa.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka fitar da Doka ta 6 wadda ta yanki kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin. Cunkoson Legas na cikin manyan dalilan ƙaurar, kuma bayan kwana goma aka harbe Murtala a cikin motarsa, cunkoson safiya ya riƙe ta a Ikoyi. Kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar birnin a 1979, da hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, iyakarta kuma miliyan 3 da ɗoriya. Ba adalci ba ne a ce masu zanen sun manta da talaka ko da sufuri. Sun raba birnin unguwa-unguwa, kowace da makaranta da kasuwa kusa da gida, sun kuma ware dogayen filaye masu ratsa gundumomi domin layin bas da jirgin ƙasa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka sa a gaba wajen gini. Fadar shugaban ƙasa, sakatariya, manyan tituna, gidajen manya a Maitama da Asokoro, duk sun rigaya, sufurin jama'a da gidajen masu ƙaramin albashi kuwa aka ce sai an kwana biyu. Dokar ta kuma damƙa dukkan ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya, da niyyar kwashe Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauran 'yan ƙasa zuwa waje. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta, ta janye. Sai ƙauyukan suka zauna a hali na rabi da rabi: ba a tashe su ba, ba a kuma yarda filayensu nasu ne ba. A waɗannan ƙauyuka ne sabbin zuwa suka riƙa sayen fili a hannun masu gari, da takardar da hukuma ba ta san da zamanta ba.

Waɗanda suka ɗora bulon Abuja ba a ba su wuri a cikinta ba. Nyanya ta fara ne a matsayin sansanin leburori da ƙananan ma'aikata, na wucin gadi a faɗar hukuma, ga shi yau ta haura shekara arba'in. Mpape ta taso a gindin masu fasa dutse. Kubwa an shirya ta domin tsugunar da mutanen ƙauyukan da birni ya cinye, irin su Maitama da Jabi, amma kafin a ankara ma'aikatan gwamnati sun cika ta. Gaggawar ƙaura ta ƙara dagula lamarin. Bayan yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar a Afrilu 1990, Janar Babangida ya ƙosa ya bar Barikin Dodan, ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka biyo baya alhali gidajen ma'aikatansu ba su wadata ba. Ƙidayar 1991 ta sami mutanen yankin ba su kai 400,000 ba, ta 2006 ta sami sama da miliyan 1.4, ban da waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa Mararraba da Masaka a Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Neja, waɗanda da rana 'yan Abuja ne, da dare kuma 'yan wata jiha. Ba Abuja ce ta fara wannan ba. Brasiliya, wadda aka buɗe a 1960, ta tura leburorinta Taguatinga, a 1971 kuma ta kafa Ceilândia musamman domin kwashe mazauna unguwannin kara-zube, kuma har yau mafi yawan mutanen gundumar tarayyar Brazil ba a cikin taswirar Lúcio Costa suke zaune ba. Masu tsara Abuja sun san labarin Brasiliya, amma sanin bai hana a maimaita shi ba.

Tun daga lokacin, kowace safiya ɗimbin jama'a ke kwararowa cikin birni ta ƙofa uku: hanyar Keffi da ta bi ta Nyanya zuwa AYA, hanyar Kubwa da ta taso daga Zuba, da hanyar filin jirgin sama mai ɗauko mutanen Gwagwalada da Kuje da Lugbe. Jirgin ƙasan da taswira ta yi alkawari bai zo ba sai Yuli 2018, lokacin da Shugaba Buhari ya buɗe layin da kamfanin CCECC na Sin ya gina. Ya tsaya a 2020 da zuwan korona, bai dawo ba sai Mayu 2024, kuma layinsa ya bi ta Idu zuwa filin jirgi da gefen Kubwa, bai leƙa Nyanya da Karu ba, inda cunkoson ya fi muni. A tsawon waɗannan shekaru 'yan acaɓa, da ƙananan bas da ake kira araba, da kabu-kabu, da ma'aikacin da ke ɗaukar fasinja a motarsa don ya rage kuɗin mai, su ne suka riƙe birnin.

Malam Nasiru El-Rufa'i ya zama ministan Abuja a 2003 da aniyar dawo da taswira kan turbarta, ya kuma yi abin da ya ce zai yi. An rushe Idu-Karmo da Chika da Aleita da wasu unguwanni da dama. Ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli na COHRE da SERAC sun ƙiyasta a rahotonsu na 2008 cewa sama da mutum 800,000 rusau ya raba da muhallinsu tsakanin 2003 da 2007. Ko da mutum ya ce adadin ya yi yawa ya rage rabi, saura mutanen babban gari ne guda. A daidai lokacin ne kuma gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gida, ta mayar da shi alawus, ta sayar da gidajen gwamnati ga mai iya saye. Mutanen nan ba su koma garuruwansu ba, domin abincinsu a Abuja yake. Matsawa suka yi gaba kaɗan, inda haya ke da sauƙi, inda kuma babu titi, babu fitila, babu caji ofis. Pegi, a ƙaramar hukumar Kuje, na cikin wuraren da aka nuna wa waɗanda rusau ya shafa su je su zauna. A 2019 da 2020 sunan Pegi ya cika jaridu saboda sace mutane a kan hanyar shiga garin, mazauna kuma suka yi ta nanata cewa lalacewar hanyar ce ke tilasta wa mota tafiyar hawainiya a cikin daji har 'yan bindiga su tare ta. Hukuma ce ta zaɓi wurin, ita ta kai mutane, amma hanya da tsaro ba su bi su ba sai bayan an zubar da jini.

Hane-hanen sufuri sun bi wannan sawu. A Oktoba 2006 aka hana acaɓa a cikin birni. A Yuni 2013, zamanin Sanata Bala Mohammed, aka hana araba shiga tsakiyar gari, aka ce manyan bas za su maye gurbinsu. A Nuwamba 2019, zamanin Malam Muhammad Musa Bello, aka kori Keke Napep daga manyan tituna. Kowane hani an yi shi da alkawarin manyan motoci masu yawa, kuma kowane karo motocin ba su isa ba, waɗanda aka kawo kuma rashin gyara ya jibge da yawansu a gareji. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi mene ne tasha. Tashar mota a Najeriya ba wurin waliyyai ba ce. Akwai 'yan kamasho masu tatsar direba, akwai 'yan daba, akwai rigimar shugabanci a ƙungiyar direbobi ta NURTW. Duk da haka, direban da ke lodi a tasha yana da suna, yana da lamba, yana da layi, yana da shugaban da zai nemo shi idan fasinja ya manta jaka ko ya kawo ƙara. Tasha ita ce abin da ya rage mana daga zango. To idan aka kori motocin da ke da tasha, aka bar fasinja yana nan da buƙatarsa, ina zai je? Bakin titi zai tsaya, a Berger ko Area 1 ko ƙarƙashin gadar Mabushi, da magariba, ya shiga duk motar da ta rage gudu. Fashin da ake kira wan-cans ba ya buƙatar komai sai wannan: mota marar fenti, fasinjojin bogi biyu ko uku, da mutumin da ya gaji da jira. A ƙwace waya, a tilasta masa ya faɗi lambar katin banki, a wurgo shi waje mota na gudu. Salon daga Legas ya zo, gaskiya ne, amma a Abuja ya sami wurin zama saboda dokar birnin da kanta ta mayar da shiga motar da ba a sani ba abin yau da kullum. Mutuwar wata matashiya da aka wurgo daga mota a hanyar Maitama zuwa Kubwa a Satumba 2023 ta tayar da ƙura a faɗin ƙasa, aka kafa kwamitoci, aka kama motoci marasa rajista. Dalilin da ya sa mutane ke shiga irin waɗannan motoci kuwa yana nan inda yake.

Tarihin fakin a Abuja gajere ne, amma yana tona asirin yadda hukuma ke kallon titi. A 2012 aka ɗora wa masu mota biyan kuɗin ajiye ta a gefen titunan Wuse da Garki da tsakiyar birni, aka ba kamfanoni kwangilar karɓa, suka riƙa ɗaure taya da kiran janwe. A Afrilu 2014 babbar kotun Abuja, a hukuncin Mai Shari'a Peter Affen, ta ce babu dokar da ta ba da izinin karɓar kuɗin. A 2023 aka sake ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni, a 2024 Minista Nyesom Wike ya fito ya ce tsarin haramtacce ne, yana ƙorafin cewa kaso mafi tsoka kamfanonin ke ɗauka. A Oktoba na shekarar wata babbar kotun tarayya ta hana jami'an VIO tsare motoci da cin tara a kan hanya. Biyan kuɗin fakin ba laifi ba ne, manyan biranen duniya na yin sa domin rage cunkoso. Amma a Abuja ba a taɓa ɗaukar sa a matsayin tsarin gari ba, hanyar kuɗin shiga ce, shi ya sa aka kai shi inda masu kuɗi ke ajiye mota kawai. Inda ake da ainihin matsalar, wato tirelolin da ke kwana a kafaɗar titi a Zuba da Gwagwalada, da bas ɗin da ke lodi a tsakiyar hanya a Nyanya, da kanikawan Apo da aka shekara da shekaru ana cewa za a mayar da su Wasa, babu wanda ya ga riba a tsara shi.

Shekarun bama-bamai sun nuna wanda ake tsaro dominsa. Bam ɗin da ya tashi a hedikwatar 'yan sanda ranar 16 ga Yuni 2011 a wurin ajiye motoci ya fashe, na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta kuma mota ce ta kutsa ƙofa. Nan da nan aka jera shingayen kankare a gaban ofisoshi, aka toshe tituna, aka hana fakin kusa da manyan gine-gine. Masu kai hari suka juya inda babu shinge: cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, sannan tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu 2014, inda sama da mutum 70 suka mutu, akasarinsu ma'aikata da 'yan kasuwa masu jiran manyan bas su shiga birni. Ranar 1 ga Mayu wani bam ya sake tashi 'yan taku kaɗan daga wurin. Alhakin wannan jini yana wuyan Boko Haram, ba wani ba. Amma dole a faɗa cewa ƙasa da shekara ɗaya kafin nan aka hana araba wuce irin waɗannan tashoshi, aka tara jama'a wuri guda kowace asuba ba tare da kariyar da ta dace da yawansu ba. Martanin da ya biyo baya shi ne shingen sojoji a Kugbo, tsakanin Nyanya da Asokoro, wanda ya riƙa tsare dubban motoci na sa'o'i a ɓangaren Nyanya. Duk wanda ya dubi inda aka kafa shingen ya san wanda yake karewa. Kyamarorin tsaron da aka ba kamfanin ZTE kwangilarsu a 2010 kan kusan dala miliyan 470, mafi yawa rance daga Sin, sun tsaya a kan turakunsu ba sa aiki, har ɓarayi suka kwance farantan hasken rana da batiransu.

Ɗan sandan Abuja ba ya amsa tambayar mutumin Kubwa, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka gina tsarin. Kwamishinan 'yan sanda daga Sufeto Janar yake karɓar umarni. Yankin ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokoki tasa. Minista shugaban ƙasa ke naɗa shi, Majalisar Tarayya ke yi wa yankin doka, kuma wakilcinsa a cikinta sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Shugabannin ƙananan hukumomi shida zaɓaɓɓu ne, amma ba su da iko da fili, ba su da iko da ɗan sanda. Ga kuma rabon ma'aikata: a 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, Mike Okiro, ya ce sama da 'yan sanda 150,000 suna gadin manya ne da waɗanda ma ba su cancanta ba, kuma babu garin da ya kai Abuja yawan manya. Iyakar jiha ta ƙara nata. Wanda ya yi sata a Nyanya, tafiyar 'yan mintuna ta kai shi Mararraba, inda iko ya koma hannun 'yan sandan Nasarawa. Mutanen unguwanni suka koma yi wa kansu: rukunin gidaje a Lokogoma da Gwarinpa da Lugbe suka sa ƙofar ƙarfe, suka ɗauki masu gadi, suna karɓar kuɗin tsaro wata-wata, ƙauyuka suka kafa 'yan banga da mafarauta. Wannan dawowar sarkin ƙofa ce, amma a kan kuɗi, don haka iyakar kariyarsa iyakar katangar masu biya. Sannan akwai tabon da bai warke ba. A Yuni 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida, akasarinsu 'yan kasuwar kayan mota ta Apo, aka ce 'yan fashi ne, sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. A Satumba 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a Apo, suka kashe aƙalla mutum bakwai, yawancinsu direbobin Keke Napep da ke kwana a wurin don ba su da kuɗin haya, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam kuma ta ba da umarnin biyan diyya a 2014. Talakan da ya san waɗannan labarai ba ya saurin kai rahoto caji ofis, ɗan sanda kuma ba ya kama ɓarawo sai da rahoto.

Mai ja da wannan magana zai ce: me ya haɗa taswirar birni da 'yan bindigar da ke fitowa daga dazukan Kaduna da Neja? Waɗanda suka shiga gidajen malaman Jami'ar Abuja a Giri a Nuwamba 2021, da mayaƙan ISWAP da suka fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli 2022 har fursunoni sama da 800 suka tsere, da waɗanda suka addabi Bwari da Dutse a Janairu 2024, ba rashin tasha ya haife su ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba na cewa Abuja ce ta ƙirƙiri rikicin arewa maso yamma. Amma tambayar ita ce me ya sa suke iya shiga inda suke shiga. Sabbin unguwannin Bwari da Kuje an yanka su ne a gindin duwatsu da bakin daji, gida ɗaya nan, kango biyar can, hanyar ƙasa wadda motar sintiri ba ta iya bi da damina. Mutane ba su je can don sha'awa ba, hayar Garki da Wuse ce ta kore su, kuma a Abuja mai gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali gidaje na nan a rufe babu kowa a Maitama da Asokoro. Ɗan bindiga daga waje ya zo, amma mu muka kai masa mutane bakin ƙofarsa.

Akwai kuma mai cewa hane-hanen sun yi amfani, kuma birnin da bai kare taswirarsa ba Legas zai koma. A nan ma akwai gaskiya. Tsakiyar Abuja ta fi yawancin biranen Najeriya tsafta da sauƙin tuƙi, hatsarin babur ya ragu a titunanta, kuma ba don tsayin dakan da aka yi a 2003 zuwa 2007 ba da an gine filayen shaƙatawa da hanyoyin ruwa. Amma lissafin bai cika ba idan an ƙirga ribar Maitama aka bar asarar Dei-Dei. Wanda ya share falo ya tara sharar a bakin ƙofa bai share gida ba. 'Yan acaɓar da aka kora ba su ɓace ba, sun taru a bayan gari inda babu mai yi musu rajista, kuma rikicin da ya ɓarke tsakaninsu da 'yan kasuwar katako a Dei-Dei a Mayu 2022, wanda ya ci rayuka da rumfuna, a can ya faru. Taswirar da ake karewa kuma ba rabinta kawai masu zanen suka zana ba. Wanda ya rushe gida da sunan taswira, bai kuma gina layin bas ɗin da taswirar ta ware wa fili ba, zaɓen son rai ya yi. Haka batun ɗora laifi a kan baƙi, wanda a Abuja sau da yawa yake nufin matasan arewa masu acaɓa da baban bola. A Janairu 2025, bayan sace murafun magudanan ruwa a manyan tituna, an hana jari-bola a cikin birni, an rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Akwai ɓarayi a cikinsu, babu musu, amma ƙarfen da aka sace dillali ne ke saye, kamfani ke narkarwa, kuma waɗannan suna da adireshi.

A Yuni 2025 aka buɗe sabbin tashoshin bas a Mabushi da Kugbo, ministan kuma ya faɗa ƙarara cewa manufar ita ce kashe kasuwar wan-cans ta hanyar sanin kowane direba da motarsa. Wannan ne karo na farko cikin dogon lokaci da hukuma ta amsa matsalar tsaro da gina wurin tsayawar mota maimakon hana mota, kuma ya cancanci a yaba. Sai dai gini shi ne ɓangare mai sauƙi. Tasha tana aiki ne idan akwai motoci isassu a cikinta da kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya, in ba haka ba fasinja zai koma bakin titi cikin mako guda. Kuma tashar Kugbo tana cikin yankin birnin tarayya, alhali fasinjan da aka gina ta dominsa daga Masaka ko Mararraba yake tasowa. Rabin tafiyarsa yana hannun gwamnatin Nasarawa da kwamishinan 'yan sandan da ke Lafiya, kuma har yanzu babu hukumar sufuri guda da doka ta ba iko a ɓangarori biyu na wannan iyaka.